Mai magani ya ce Mama ta ajiye ƙwayoyin asibiti

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata tana da shekara 62, ta kai shekara takwas tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma tana shan magungunan da likita ya ɗora ta a kai. Tun bara ciwon gwiwa ya matsa mata, har ta koma yin sallah a zaune. Wata maƙwabciyarmu ta haɗa ta da wani mai maganin gargajiya da ke tallata kansa a rediyo da TikTok, wanda ya ce zai yi mata ƙaho, ya kuma ba ta jiƙo a jarkar da babu rubutu a jikinta, amma da sharaɗin ta ajiye ƙwayoyin asibiti na wata uku, wai su ne za su hana maganinsa aiki. Ya nemi naira dubu 150 kafin a fara. Ni ba na ƙin maganin gargajiya, da shi aka raine mu, sai dai hankalina bai kwanta da mutumin ba, Mama kuwa gani take rowa ce ta hana ni biya. Ta yaya zan gane mai magani na ƙwarai?

Wata baiwar Allah, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya.

Wannan sharaɗin kaɗai ya isa ki rabu da shi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma dattijuwa mai suga da ta yi wata uku ba magani tana iya gamuwa da shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, a lokacin kuwa ba shi ne zai yi jinyarta ba. Mai magani mai amana yakan fara da tambayar cututtukan da mutum ke da su da abin da yake sha, ya san inda iyawarsa ta tsaya, kuma ba ya jin nauyin cewa a koma wurin likita.

Jarkar ma ta fi kuɗin damuna. Ki tambaye shi abin da ke ciki. Idan ya ce sirrin gado ne, to cikin mahaifiyarki ba wurin gwaji ba ne. An sha samun haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai da aka cakuɗa da ƙwayoyin bature irin su dexamethasone, waɗanda ke kwantar da ciwo nan take, amma su tayar da suga, su ƙara hawan jini. Ko maganin da ke cikin kwali mai lambar NAFDAC, idan lambar ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba cewa ba mai cutarwa ba ne, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da duk cututtukan da aka jera a jikinsa ba. Ina ga wanda ba shi da ko suna?

Ƙaho kuwa ba abin zargi ba ne, domin ya tabbata cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, har ya biya wanda ya yi masa. Abin lura shi ne raunin mai suga yana jinkirin warkewa, don haka sai da amincewar likitanta, musamman idan tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Idan ya amince, ki nemi mace mai wannan sana'a ta bakin waɗanda suka je wurinta suka gani, ki tsaya a buɗe sabuwar reza da sababbin kofuna a gabanki, saboda ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk ta jini suke bi. Ku yi cinikin kowane zama daban, kada ki biya na wata uku a dunƙule. Wanda kuma yake ɗora bidiyon marasa lafiyarsa a TikTok don neman kasuwa, ki sa a ranki na Mama ma zai ɗora.

Game da zargin rowa, kada ki yi musu da ita, kuma kada ki kushe maƙwabciyar a gabanta. Abin da Mama take so shi ne ta tsaya da ƙafarta ta yi sallah, ta kuma ga an damu da gwiwar kamar yadda aka damu da sugan. Ki ce mata kuɗin yana nan kin ware domin gwiwarta, sannan a cikin makon nan ki kai ta asibiti musamman don ciwon, a ɗauki hoto, ki roƙi a haɗa ta da sashen gashin ƙashi. Ki tafi da ƙwayoyinta duka a leda, ki bari ita da bakinta ta tambayi likita batun ƙahon.