Uwar Gida da Baiwarta: Shin Ƙanginsu Ɗaya Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi, kuma a 'yan watannin nan na karanta ƙagaggun labarai uku waɗanda aka gina a kan zamanin bauta a kudancin Amurka. Na lura cewa a dukkansu marubutan suna jera rayuwar uwar gida farar fata da ta baiwarta baƙar fata kafaɗa da kafaɗa: an hana wannan zurfafa karatu, an hana waccan ko da koyon baƙi, an aurar da wannan ba da son ranta ba, an sayar da waccan. A ɗaya daga cikin littattafan har uwar gidan take ce wa baiwarta ai su biyun duka a ɗaure suke. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin wani ɓangare na zuciyata ya yarda da ita, wani ɓangaren kuma yana ganin cin fuska ce ga baiwar. Shin wannan kamanceceniya tana da tushe a tarihi, ko kuwa marubutan yau ne suke ɗora wa mutanen da tunanin zamaninmu?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi gaggawar kawar da wannan rabuwar zuciya da kika ji, domin kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma a ganina darajar irin wannan labari tana rataye ne a kan ko marubucin ya iya riƙe hujjojin biyu a lokaci guda.

Kwatanta matar aure da bawa ya girmi marubutan yau nesa ba kusa ba. A shekarar 1765 masanin shari'ar Ingila William Blackstone ya bayyana cewa a idon doka miji da mata mutum ɗaya ne, kuma a aikace wannan mutum ɗayan shi ne mijin. Da zarar an ɗaura aure, abin da mace ta shigo da shi na kuɗi da kaya, da ladan duk wani aiki da ta yi, ya koma hannun mijinta. Ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya ko shigar da ƙara da sunanta, kuma idan zama ya ƙi daɗi, 'ya'ya na uba ne. Amurka ta gaji wannan tsari daga Ingila, ita Ingilar kuwa sai a 1882 ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Don haka lokacin da masanin falsafa John Stuart Mill ya kwatanta matsayin matar aure da na bawa a 1869, yana maimaita abin da mata da yawa suka daɗe suna faɗa ne.

Haka kuma fafutukar 'yancin mata a Amurka ta yi rarrafe ne a cikin fafutukar kawar da bauta. Sarah Grimké da ƙanwarta Angelina 'ya'yan wani alƙali ne mai bayi a birnin Charleston da ke kudancin Amurka. Sarah ta so karanta shari'a kamar yayanta, aka hana ta saboda ita mace ce, kuma tun tana yarinya aka kama ta tana koya wa baiwar da aka ba ta karatu a ɓoye. Da 'yan'uwan biyu suka fara yi wa taron maza da mata jawabi a kan muguntar bauta, sai limaman coci a Massachusetts suka fitar da wasiƙa a 1837 suna sukar matan da suke magana a bainar jama'a, abin da ya tilasta musu kare haƙƙin mace kafin su iya ci gaba da kare haƙƙin bawa. A babban taron yaƙi da bauta da aka yi a Landan a 1840 an hana wakilai mata zama a matsayin wakilai, kuma biyu daga cikin matan da suka haɗu a can, Lucretia Mott da Elizabeth Cady Stanton, su ne suka jagoranci taron 'yancin mata na Seneca Falls a 1848. Saboda haka marubucin da ya sa wata mace ta ƙarni na 19 ta ce aure ya ɗaure ta kamar baiwa bai yi wa tarihi ƙarya ba.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau. Matar aure ta rasa ikon juya dukiyarta, baiwa kuwa ita kanta ce dukiyar: ana rubuta ta a cikin wasiyya tare da dawakai da kujeru, ana jinginar da ita a karɓi bashi, ana yin gwanjonta idan ubangidanta ya rasu da bashi a kansa. A 1662 Virginia ta kafa dokar da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, alhali a al'adar shari'ar Ingila ɗa uba yake bi. Wannan juyi guda ɗaya ya mayar da cikin baiwa hanyar haɓaka arzikin mai ita, ya kuma sa idan ubangida ya yi wa baiwarsa fyaɗe ta haihu, bai haifi magaji ba, ya ƙara yawan bayinsa ne. Bayan da Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje a 1808, haihuwar waɗannan mata ce ta ci gaba da cika gandayen auduga, har ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyan 4. Auren da uwar gida take kuka da shi kuwa, doka ba ta ma amince baiwa tana da irinsa ba, domin ana iya sayar da mijinta gobe ba tare da an karya wata doka ba.

Batun 'ya'ya shi ne wurin da bambancin ya fi fitowa fili. A Ingila, mijin marubuciya Caroline Norton ya ƙwace 'ya'yansu maza uku a 1836 ya hana ta ganinsu, kuma gwagwarmayarta ce ta kai ga dokar 1839 wadda ta ba uwa damar neman riƙon 'ya'yan da ba su kai shekara 7 ba. Zalunci ne mai ƙuna, ba na kuma raina shi, amma 'ya'yan suna hannun ubansu da danginsa, da sunansu da gadonsu. Ita kuwa Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta a jihar New York, ɗanta Peter sayar da shi aka yi tun yana ƙaramin yaro, aka kai shi Alabama. Ta je kotu ta karɓo shi a 1828, kuma ta yi nasara ne saboda dokar New York ta hana sayar da bawa zuwa wajen jihar. Uwar da ke kudu ba ta da irin wannan ƙofa ko kaɗan.

Shari'ar wata baiwa mai suna Celia a Missouri ta nuna iyakar kalmar "mace" a wancan zamani. Wani manomi ya saye ta a 1850 tana da kimanin shekara 14, ya yi shekaru biyar yana yi mata fyaɗe, har ta kashe shi a 1855 lokacin da ya sake zuwa ɗakinta. Lauyoyinta sun kafa hujja da dokar jihar wadda ta haramta tilasta wa kowace mace, suka ce Celia ma mace ce, tana da haƙƙin kare kanta. Alƙali ya ƙi amincewa da wannan hujja, aka rataye ta a watan Disamba na shekarar. Dokar da aka rubuta domin kare mata tana nan, amma kotu ta ga baiwa ba ta cikin waɗanda ake nufi.

Akwai kuma abin da labarai da yawa suke kawar da kai daga gare shi, wato cewa uwar gidan sau da yawa ita ce mai baiwar. Iyaye sukan ba 'ya'yansu mata kyautar bayi tun suna ƙanana ko a lokacin aure. Jihar Mississippi ce ta fara kafa dokar kare dukiyar matan aure a Amurka a 1839, kuma babban abin da dokar ta kare shi ne bayin da mace ta mallaka, kada a ƙwace su a biya bashin mijinta; wato matakin farko na 'yancin wata macen ya tsaya ne a kan wuyan wata macen. Da Birtaniya ta soke bauta a yankunan da take mulki da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, bayin ba su samu ko sisi ba, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka nemi diyyar mata ne. Mary Prince, wata baiwa wadda aka buga tarihin rayuwarta a 1831, ta ba da labarin uwar gidan da take zane ta da bulala da hannunta. Harriet Jacobs, wadda ita ma baiwa ce a da, a nata labarin na 1861, ta nuna cewa lokacin da ubangidanta ya matsa mata da neman lalata, abin da ta samu daga matarsa kishi ne da tsana maimakon kariya. Mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ina fata a ce haka abin ya kasance, amma a gandun bayi mallaka ta sha rinjayar wannan zumunci.

To, da wannan za ki auna littattafan da kika karanta. Ba laifi ba ne uwar gida ta ce wa baiwarta su biyun a ɗaure suke, domin mutum ya fi jin nasa ciwon, kuma irin wannan magana ta dace da bakinta. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya bar maganar ta wuce a matsayin gaskiyar labarin, ko kuwa ya ba baiwar damar mayar da martani, ko da a zuciyarta ne, ko ta hanyar abin da ya same ta a babi na gaba. Ki duba ko baiwar tana da uwa, da masoyi, da buri, da fushi na kanta, ko kuwa an ƙirƙiro ta ne kawai domin wahalarta ta farkar da uwar gida. Wannan na biyun shi ne aibin da ya fi damuna, domin yana sake mayar da baiwa mai hidima, a wannan karon ga labarin wata. Ki duba kuma wa yake iya fita: Sarah Grimké ta bar Charleston ta koma Philadelphia a 1821, ta sha tsangwama da kaɗaici, amma ba wanda ya sa lada a kanta ko ya bi sawunta da karnuka. Marubucin da ya bi zaren har gaba zai tarar cewa tazarar ba ta rufe da soke bauta a 1865 ba, domin gyaran tsarin mulki na 1920 ya ba mata ƙuri'a, amma yawancin baƙaƙen mata a kudu ba su iya kaɗa ta ba sai bayan dokar zaɓe ta 1965.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina ƙoƙarin rubuta labari irin wannan, amma na ga yawancin bayi mata ba su bar rubutu ba. Ta yaya zan sa wa baiwa magana a baki ba tare da na ƙirƙiro mata muryar da ba tata ba?

Daga wani matashin marubuci

AMSA

Barka kadai, ɗan'uwa. Shirun da ka tarar da gangan aka samar da shi, domin jihohin kudu da dama sun hana koya wa bayi karatu ko rubutu, kotunansu kuma ba sa karɓar shaidar bawa a kan farar fata. Duk da haka akwai abin kamawa. Akwai labaran Prince da Jacobs da na ambata a sama, kuma Jacobs ta bayyana yadda ta ɓuya kusan shekara bakwai a wani ɗan lungu a ƙarƙashin rufin gidan kakarta. Akwai hirarraki fiye da 2,300 da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, amma ka karanta su da lura, domin masu ba da labarin tsofaffi ne tukuf waɗanda yawancinsu yara ne a zamanin bauta, kuma mafi yawan masu yi musu tambayoyin fararen fata ne, abin da kan sa mutum ya tauna magana kafin ya furta. Akwai kuma takardun masu bayin kansu: littattafan lissafi, da wasiyyoyi, da tallan neman bawan da ya gudu, inda ake zayyana tabon da ke jikin mace ba tare da an faɗi wanda ya yi mata shi ba. A irin waɗannan giɓoɓi ne ƙagaggen labari yake da aikin yi, kamar yadda marubuciya Toni Morrison ta gina labarinta na 1987 a kan Margaret Garner, wata baiwa wadda ta tsere daga Kentucky a 1856 ta kashe 'yarta da hannunta lokacin da aka zo kama su, don kada a mayar da yarinyar cikin bauta.

Gargaɗin da zan yi maka yana cikin abin da ya sami Sojourner Truth. Ta yi jawabi a taron mata a Akron, jihar Ohio, a 1851, amma sigar jawabin da ta fi shahara wata farar fata mai fafutuka, Frances Gage, ce ta buga ta a 1863, shekara 12 bayan taron. Gage ta sa mata karin harshen bayin kudu, alhali Truth 'yar New York ce wadda ta tashi da harshen mutanen Holan, ta kuma sa ta ce ta haifi 'ya'ya 13, alhali biyar aka sani ta haifa. Gage mai goyon bayanta ce, amma ta gyara ta ne domin ta dace da baiwar da masu karatu suke tsammanin ji. Kafin ka rubuta kalma ɗaya a bakin tauraruwarka, ka tantance inda aka haife ta, da harshen da ta tashi da shi, da aikin da hannunta ya saba, da sunayen 'ya'yanta da inda kowannensu yake.