Amsa ga mai hon ɗin silima da na hagu ya yi shiru: kada ka sayar tukuna

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi tagumi, don wannan ciwon na san zafinsa. Ka ce ka samo saitin JBL na silima, akwati biyu kowanne da inci 15 bibbiyu, a samansu manyan hon, wato sifiku masu siffar kakaki da ke fitar da siririn sauti, masu yunit 2445J, wato injin da ke bayan hon yana samar da sautin, ka kai su falonka a Agege ka jona da amfilifaya irin ta masu kiɗan biki mai wat dubu. Ko ba a sa komai ba suna huci, murya tana sukar kunne, shekaranjiya kuma ana kan janareta aka kawo wuta, aka juya canji, ka ji "ɗas", na hagu ya yi shiru. Kana tambaya ko ka sayar ka huta. Kada ka sayar. Kayan ba su da laifi, haɗin ne aka yi maka a baibai.

Wanda ya ce maka babbar sifika sai babbar amfilifaya, shi ya cuce ka, kuma irinsu suna da yawa. Ya san sarai falo za ka kai su ba filin taro ba, amma yana da amfilifayar da ta daɗe tana shan ƙura a shago, sai ya haɗa maka. Ko kafasita ta kariya, ɗan abin da ke tare ƙananan sautuka masu ƙona yunit, bai sa maka ba, abin da bai kai kuɗin cin abincin rana ba. Gobe ka koma da ƙorafi ya ce ai kai ka ƙure murya. Su ne kuma masu rantsuwa cewa daga silima aka ciro kaya, alhali yawanci daga ɗakin biki ko wurin ibada suka fito bayan an sha dukansu shekara da shekaru. Kai da kake Agege ka san Pen Cinema yanzu sai suna da gadar sama. Allah Ya isa kawai, mu koma kan aiki.

Sifikar gida ta yau da kullum in ka ba ta wat ɗaya, a nisan mita ɗaya tana ba da wajen dB 86 zuwa 88, dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Akwatinka mai inci 15 biyu yana ba da kusan 100. Yunit ɗin da ke bayan hon kuwa yana kai wajen 110. Kowane dB 10 ninki goma ne na wuta. Ke nan akwatin kaso ɗaya cikin goma na wutar da sifikar gida ke ci ya ishe shi, har da saura, hon kuma kaso ɗaya cikin goma na abin da akwatin ke ci. In kana zaune a nisan mita uku, wat ɗaya tak zai ba ka kusan dB 90, kuma tun daga 85 in mutum ya yini a ciki kunne yake fara lalacewa. To wat dubun na mene ne? Hucin da kake ji ba daga hon yake ba, ƙarar cikin amfilifayar ce wadda sifikar gida ke haɗiyewa, shi kuma hon ya tona asirinta. Amfilifaya mai wat 10 zuwa 30, mai tsabtar sauti marar fanka, ta wadaci hon. Babbar ka bar wa akwatin bes, ka rage maɓallanta na gaba zuwa ƙasa da rabi.

Wanda ya yi shiru, kada ka buɗe shi tukuna. Cire wayoyinsa biyu, ka sa mitar awo irin ta masu gyaran lantarki a kan om. Lafiyayyen 2445J zai nuna wajen 8 da rabi, ba 16 ba, kada wannan ya ruɗe ka. Harafin J na ƙarshen lambar yana nufin om 16, in H ne a wurin kuma om 8, mita kuwa kullum ƙasa da haka take nunawa. Masu gyara da yawa suna ganin 8 a mita su sa maka dayafram, wato siririn ƙoƙon da ke kaɗawa a cikin yunit, na om 8, ka dawo gida ɗaya ya fi ɗaya ƙara. In mita ba ta motsa ba, koyil, wato naɗin wayar da ke manne da dayafram, ya katse, sai sabon dayafram.

Nan ne wurin da ake kuka. Ka kwance murfin baya, ka ga ƙoƙon ƙarfen nan na titaniyam mai faɗin inci huɗu yana sheƙi, bai fi kaurin takarda ba. Ka kawo sukudireba za ka kwance ƙananan sukurorin gefensa, maganaɗisun ya fizge ta daga hannunka, kafin ka ce me ta sauka a tsakiyar ƙoƙon. Shi ke nan. Ko da lafiyarsa lau, yanzu ya lotsa, kuma lotsattsen dayafram ba ya miƙuwa, ko ka turo shi daga ciki zai riƙa zizzz a kan muryar mata da algaita har ranar da ka jefar da shi. Ga kuɗi sun tafi, ga ba wanda za ka ɗora wa laifi, sai ka zauna kana kallon abin kamar ka rufe ido ka buɗe ka ga bai faru ba. Don Allah ka riƙe sukudirebar da hannu biyu, ɗaya a kan mariƙi, yatsun ɗayan suna dafe da bakinta, ka rufe ƙoƙon da murfin roba ko kwali mai kauri. Sukurorin da ka cire ka kai su nesa, su ma yana jan su.

In ka ɗaga tsohon, duba siririn ramin da koyil ke shiga. Iskar Legas da danshinta da gishirinta ba ta barin ƙarfe, za ka tarar da tsatsa da ɓurɓushi a ciki. Ninke tef na takarda, gefen gam a waje, ka zura ka zagaya, ka canza, har sai ya fito fes. Kada ka hura da baki. Soson da ke manne a cikin murfin baya in ya ruɓe yana marmashewa, kankare shi ka sa sabo. Leƙa maƙogwaron hon ɗin ma da tocila, zanzaro yana son gina ɗakinsa a wurin, kyankyasai kuma ba a magana. Kuma biyu za ka canza, ba ɗaya ba. Sabo a hagu tsoho a dama, murya ba za ta taɓa tsayawa a tsakiya ba. Na asali lambarsa D16R2445, jabu sun cika kasuwa, in farashin ya yi maka daɗi da yawa ka san abin da ka saya. Kafin ka ɗaure sukurori tamau, sa masa sauti ƙasa-ƙasa mai hawa daga Hz 500 zuwa sama (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ka saurara ko koyil yana gogar gefe.

Kariya ita ce abin da ya kamata a fara yi tun ranar farko. Kafasita marar fuska, wato wadda ba ta da fulos da mainos, a jere kan waya ɗaya tsakanin amfilifaya da yunit. Ga om 16, maikurofarad 40 tana fara tare duk abin da ke ƙasa da Hz 250. In H ne sai ka ninka zuwa 80. Ba sai ka nemi ta 'yan gayu ba, kafasitar kwamfiresan AC mai 40 da bolt 450 tana yi, akwai ta a Alaba da wurin duk mai gyaran AC. Bayan kafasitar ka sa abin rage ƙarfi na rizisto: om 11 a jere, om 7.5 a gicciye kan ƙafafun yunit ɗin, masu wat 10. In ba ka samu waɗannan lambobin ba, 22 guda biyu a haɗe kai da kai suna ba da 11, 15 guda biyu suna ba da 7.5. Wannan zai sauke hon da dB 10, ya daidaita da akwati, hucin ma ya sauka tare da shi. Rabin sukar kunnen da kake ji daga nan take, hon ne ya danne bes.

Amma kafasita ba ta tare komai da komai. Bugun canjin wuta mai kaifi yana iya wucewa. Sa wa amfilifayoyin na'urar jinkiri irin ta firij, wadda in wuta ta ɗauke ba ta sakewa sai bayan 'yan mintuna. Ka kuma koya wa yaran gida: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma ba a juya canji tana kunne. Ka rubuta a takarda ka manna a jikin canjin in ta kama.

Ba ka faɗi abin da ke raba sauti tsakanin akwati da hon ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Irin waɗannan da yawa ba sa zuwa da wannan mai rabon, wato kurosoba, a ciki, don a silima kowanne da amfilifayarsa. Nemi kurosoba ta waje, dbx DriveRack ko Behringer DCX2496, ko tokunbo ne. In hon ɗinka babban nan ne 2360 mai baki kusan santimita 80, a Hz 500 aka tsara raba shi, amma ni a gida 630 na fi so. In ƙarami ne irin 2380, kada ka sauko ƙasa da 800. A saitin kurosoba zaɓi nau'in rabon da ake kira LR24 a ɓangarorin biyu. Sai jinkiri: sauti yana tafiyar santimita 34 a kowane milisakan, in bakin hon ya yi daidai da fuskar akwati, yunit yana can baya da wajen santimita 70, sai ka jinkirta akwatin da kusan milisakan 2. In ba haka ba murya ta riƙa fitowa kamar daga cikin tulu. Af, tsofaffin JBL ɗin nan sai an jona fulos a baƙar ƙafar jona waya takardar sifika ke turowa gaba, ba a ja ba. Gwada wufa, wato sifikar inci 15, da batir mai bolt 1.5 ka gani da idonka, amma kada ka gwada batir a kan yunit.

Wani abin da ke sa mutane su ce hon ba shi da daɗi: irin waɗannan masu watsa sauti daidai ko'ina, daga wajen Hz 3,000 zuwa sama sautinsu yana raguwa da kusan dB 6 duk lokacin da Hz ɗin ya ninka. A silima na'ura ce ke cike giɓin. In ba a cike ba, tsakiya ta yi tsawa, sama ta dushe. Maimakon ka yi ta ɗaga sama, rage tsakiyar daga 1,000 zuwa 4,000 da dB uku ko huɗu, sannan ka ɗaga sama kaɗan. Abin da ya wuce 12,000 ka ƙyale shi, titaniyam mai inci huɗu in ka matsa masa a can sai ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Da kunne za ka iya kusantowa, amma manhajar REW kyauta ce a kwamfuta, makirfon awo kawai za ka nema, ko aro.

In kuma bayan huci akwai gurnani mai kauri, wannan na wutar gida ce mai Hz 50. Jona duka kayan a soket ɗaya, ka yi amfani da wayar XLR tsakanin kurosoba da amfilifaya. Kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ranka ya fi gurnani.

Falon naka fa? Ka ce tayil ne da silin na POP. Ka zauna aƙalla mita uku daga gare su, in ka matso za ka riƙa jin bes daga ƙasa murya daga sama, kamar mutum biyu. Maƙogwaron hon ya zo daidai kunnenka kana zaune ko sama kaɗan, ka karkato su su haɗu a gabanka. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da su, bangon bayanka ka rataya labule mai nauyi. Yunit ɗin ya haura kilo 13, kada ka bar shi yana reto a wuyan hon, yi masa matashi na katako ko ƙarfe, in ba haka ba wata rana ka tarar wuyan ya tsage. Maganar maƙwabta da mai gida kuwa ba ni da magani, bes ɗin inci 15 huɗu bulo ba ya tare shi, bayan isha'i sai dai a yi haƙuri a rage.

Auna yunit ɗin biyu da mita yau, har mai aikin, ka turo mana lambobin da hoton bayan hon ɗin inda aka rubuta samfurinsa. Kafin nan cire wayar na dama, kada a sake juya canji shi ma ya bi ɗan'uwansa.