Shin kwasa-kwasan jami'a a sakandare za su rage wa 'yata kuɗin karatu da rabi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio ta Amurka, kuma 'yata tana aji na 10 a makarantar gwamnati. A wani zauren WhatsApp an ce mana idan ta shiga shirin College Credit Plus, wanda ke ba ɗaliban sakandare damar ɗaukar kwasa-kwasan jami'a, ta kwashi kwasa-kwasai da yawa, za ta gama digiri cikin shekara biyu, kuɗin ya ragu da rabi. Har wani ya nemi in biya shi ya tsara mata. Ni direba ne, bashin karatu nake tsoro. In sa ta ɗauki iya abin da aka yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Shirin gaskiya ne, kuma ɗalibar makarantar gwamnati ba ta biyan kuɗin kwas ko na littattafai idan ta ɗauka a kwaleji ko jami'ar gwamnatin jihar. An yarda ta ɗauki har kiredit 30 a shekara (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas a jami'a), digirin farko kuwa yawanci kiredit 120 ne, saboda haka a takarda lissafin mutanen zauren ya yi daidai, tunda shekara biyu kiredit 60 ke nan, rabin digiri. Amma kada ka ba kowa ko sisi. Aikin jami'in ba da shawara ne na makarantarta, kyauta yake yi, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a kan cike wannan takarda jahilcinka na tsarin yake so ya ci.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan da iyaye ke zuwa mini da ita kullum, wai tunda kyauta ne babu asara, a loda wa yaro kawai. Wannan magana ta jefa yara masu ƙoƙari cikin wahala, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa zama sun karanta ƙa'idar shirin ba. Kwas ɗin da 'yarka za ta ɗauka kwas ne na jami'a sosai, sakamakonsa yana shiga takardar sakamakonta ta jami'a, ba ya gogewa don ta ce tana 'yar shekara 15 lokacin da ta yi shi. Idan ta sami F ko D, zai bi ta duk inda ta nemi gurbi, domin jami'o'i suna neman a kawo musu sakamakon kowace kwaleji da ɗalibi ya taɓa shiga. Idan likitanci take buri, tsarin neman gurbin makarantun likita na AMCAS yana haɗa makin waɗannan kwasa-kwasan cikin GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta na jami'a, ko da shekaru sun shuɗe. Sannan tallafin karatu na gwamnatin tarayya yana da sharaɗin ci gaba mai gamsarwa, wanda a yawancin makarantu ke nufin GPA na 2.0 da kuma cin kusan kashi biyu cikin uku na kwasa-kwasan da aka yi rajista. Yarinyar da ta faɗi ko ta janye daga kwasa-kwasai da dama tun tana sakandare za ta iya shiga jami'a da tabo a wannan ma'auni, wato tallafin da kake dogaro da shi ne ke cikin haɗari. Ƙari a kan haka, dokar Ohio ta ba hukumar makaranta damar neman iyaye su mayar da kuɗin kwas idan ɗalibi ya faɗi ko ya janye bayan wa'adi, sai dai iyalan da aka tantance cewa masu ƙaramin ƙarfi ne. To ina kyautar da ba ta da asara?

Batun ragin rabi kuma, karɓar kiredit daban, lissafa shi cikin digirin da take so daban. Jami'o'in gwamnatin Ohio suna karɓar darussan gama-gari da ke cikin tsarin Ohio Transfer 36, amma jami'a mai zaman kanta ko ta wata jiha wannan doka ba ta hau kanta ba. Ko an karɓa, injiniyanci da aikin jinya darussansu a jere suke, wannan sai an ci wancan, don haka tarin kiredit a fannin da bai shafe ta ba ba zai gajarta shekarun ba. Jami'o'i da yawa kuma kuɗin zango guda suke caja ga ɗalibin cikakken lokaci, ko kiredit 12 ya ɗauka ko 17, ma'ana aljihunka ba zai ji sauƙi sosai ba sai ta tsallake zango sukutum. Wanda ya san shirin share fagen shiga jami'a na IJMB a gida Najeriya zai gane: samun shiga aji biyu na jami'a ya danganta da darussan da aka haɗa da kuma jami'ar da aka nufa.

Jarrabawar AP (Advanced Placement), wadda ɗaliban sakandare ke yi a kan darussa masu matakin jami'a, ta fi ƙarancin haɗari, domin ƙaramin maki ba ya shiga GPA na jami'a, kuma jami'o'in gwamnatin Ohio suna ba da kiredit daga maki 3 cikin 5.

Shawarata, Malam, ta fara da kwas ɗaya ko biyu a darasin da ta fi ƙarfi, kamar rubutun Turanci ko lissafi, ku ga yadda za ta ɗauke su tare da aikin sakandare. Ku zaɓi jami'o'i biyu ko uku da take hange, ku rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ku tambayi ko kwas kaza zai shiga digiri kaza, ku ajiye amsar a rubuce. Ku rubuta ranar ƙarshe ta janyewa daga kowane kwas inda za ku riƙa gani. Takardar nuna niyyar shiga shirin ana miƙa ta ga makaranta zuwa 1 ga Afrilu don shekarar karatu mai zuwa, saboda haka ku ga jami'in ba da shawara tun kafin watan Maris ya ƙare.