Haɗa Kwamfutar Buga Gem a Zariya: Me Za a Fara Saya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Na tara ɗan kuɗi ina son in haɗa kwamfuta da kaina don buga FC (gem ɗin ƙwallo), GTA V da Warzone. Abokaina sun ce in dai ba Core i7 ba ce, kada ma in fara. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, abokanka ba ƙeta suke maka ba, amma shawarar nan ta cinye kuɗin mutane da yawa. Core i7 sunan wani rukunin furosesa ne, wato na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi, kuma sunan shi kaɗai bai faɗa maka komai ba sai ka san zamaninsa. Core i7-4770 ta fito a 2013 da ƙwaƙwalwa 4, wato sassa huɗu masu aiki a cikinta. Core i5-12400F ta fito a 2022 da ƙwaƙwalwa 6, kuma ta yi wa waccan nisa ƙwarai. Saboda haka idan mai shago ya ce maka i7 ce, ka ce ya karanta maka lambar da ke bin sunan.

Na biyu, a harkar gem ba furosesa ce ke ɗaukar babban nauyi ba. Katin girafiks ne ke zana duk abin da idonka yake gani a allo, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. Don haka da shi ake fara lissafi. A ganina ka ware masa kaso mafi tsoka, ko da ya kusa rabin kuɗin, sannan ka nemo furosesar da ba za ta riƙe masa ƙafa ba. Idan allonka 1080p ne (Full HD), kamar na yawancinmu, RX 6600 ta AMD mai 8GB, ko RTX 3060 mai 12GB, ko RTX 4060 mai 8GB, kowanne zai ɗauki wasannin da ka lissafa cikin daɗi.

Furosesa kuwa hanya biyu ce ga mai madaidaicin aljihu: Ryzen 5 5600 ta AMD ko waccan i5-12400F. A nan ne ake yawan tafka asara, domin kowace furosesa da irin gurbin da take zama a kan madabod, wato babban faifan da duk kayan kwamfuta ke haɗuwa a kai. Ryzen 5 5600 gurbin AM4 take shiga, da madabod irin B450 ko B550, kuma RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, samfurin DDR4 ne. Ita i5-12400F gurbinta LGA1700 ne, madabod ɗinta wani na DDR4 ne wani na DDR5, kuma ba sa musanya. Akwai sabon gurbin AMD, wato AM5, wanda ya zo a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Ya fi tsada, amma ya fi barin ƙofar canza furosesa nan gaba. Ka kuma sani duka biyun da na ambata ba su da girafiks a cikinsu: in babu kati, allo ba zai nuna komai ba. Kuma wayar monita a jikin katin ake soka ta, ba a jikin madabod ba.

RAM ka sa 16GB, amma guda biyu masu 8GB, ba guda ɗaya mai 16GB ba, domin idan biyu ne furosesa tana ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. Ma'ajiyar gem da fayiloli ka ɗauki mai sauri, wato SSD irin NVMe, 1TB in da hali, don Warzone kaɗai wuri take ci ba kaɗan ba. Fitilu masu launi-launi su jira.

Tambaya: Ina Tudun Wada. Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, wani lokaci ta zo ƙasa-ƙasa. Muna da sola da inbata a gida. Za su iya ɗaukar irin wannan kwamfuta?

Amsa: Ɗan'uwa, da so samu ne, wannan tambayar kowa zai fara yi kafin ya sayi ko dunƙulen waya ɗaya. Masu ba da shawara a bidiyoyin Amurka da Turai ba sa sa wutar ɗaki a lissafi domin ba damuwarsu ba ce. Mu damuwarmu ce.

Mu yi lissafi. RTX 4060 tana jan kimanin wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170. Ryzen 5 5600 an rubuta mata wat 65. Ka ƙara madabod, RAM, fankoki da monita, za ka ga kwamfuta mai RTX 4060 tana yawo ƙasa da wat 300 lokacin da gem ya yi zafi. Wat 55 da ke tsakanin 3060 da 4060 ba komai ba ne ga mai tsayayyar wuta, amma ga wanda batir ke riƙe da shi da dare, mintuna ne masu yawa. Shi ya sa ga mai sola nake karkata ga katin da ba ya shan wuta, ko da 3060 ya fi shi yawan GB.

Sai akwatin wuta, wanda ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kayan. Wallahi abin yana damuna idan na ga matashi ya zuba kuɗin da ya sha wahalar tarawa a kan kati, sannan ya ɗauko akwatin wuta marar suna, marar nauyi, don an ce masa ai duk wuta ce. Ba duk wuta ba ce. Akwati mai kyau yana da kariyar da ke kashe shi idan wuta ta haura ko nauyi ya yi yawa. Marar kyau idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko kati su tafi tare. Ka nemi mai wat 550 zuwa 650 na kamfanin da aka sani, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna akwatin ba ya ɓarnar wuta sosai, kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ya ja yake isarwa idan yana rabin nauyinsa. Alama ce mai kyau, sai dai ba ita ce shaidar kariya ba, don haka ka karanta abin da aka rubuta a kwalin.

Inbatarka kuma ka duba ko mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi, wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki. Masu arha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle ba sa jituwa da akwatunan wuta na zamani: wani ya riƙa ƙugi, wani ya mutu daidai lokacin da wuta ta juya zuwa batir. In UPS za ka saya, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, kada lambar VA da ake rubuta mata a matsayin ƙarfinta ta ruɗe ka. Mai 650VA yawanci ƙasa da wat 400 yake ɗauka, ka nemi 1000VA zuwa sama. Inda wuta ke zuwa ƙasa-ƙasa, sitabilaiza ta shiga tsakani. Kuma idan an tayar da janareta, ka bari ya daidaita kafin ka kunna.

Tambaya: An kawo mini RX 580 ta hannu da araha. In karɓa?

Amsa: Kati ne na 2017, yana jan kimanin wat 185, kuma yana cikin waɗanda masu haƙar kuɗin kirifto suka fi amfani da su dare da rana. Da aka daina haƙar Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifto, da katin girafiks a Satumban 2022, irinsu suka cika kasuwannin gwanjo. Ba duka ne suka lalace ba, kuma har yanzu yana ɗaukar GTA V lafiya. Sharaɗina ɗaya: kada ka biya sai an gwada a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z a ga sunan katin da yawan GB ɗinsa sun dace da abin da aka faɗa, domin akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna. A kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, na minti 15 zuwa 20. In ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka a allo, ko fanka ɗaya ba ta juyawa, ko kwamfutar ta mutu, ka mayar masa da kayansa. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Tambaya: Ɗana ya dame ni da maganar kwamfutar gem. Akwai tsohuwar Dell ta ofis a gida. Ba za a iya gyara ta ba?

Amsa: Hajiya, za a iya, in dai ba ta tsufa ainun ba. A sa mata SSD, a ƙara RAM, a nemo katin GTX 1650 irin wanda ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta, wat 75 kawai yake ja daga madabod. Idan gidan kwamfutar siriri ne, gajeren samfurin katin za a nema. Zai buga ƙwallo da GTA V. A fara sa wanda ya san aikin ya duba ƙarfin akwatin wutarta, domin na irin waɗannan kwamfutoci ƙanana ne kuma ba kowane ake iya canza musu ba.

Tambaya: Zafin Maris da Afrilu fa, da ƙurar hunturu?

Amsa: Ka zaɓi gidan kwamfuta mai raga a gaba, ba mai rufaffen gilashi ba, da fanka biyu masu shigar da iska da ɗaya mai fitarwa ta baya. Kada ka ajiye ta a ƙasa kan kafet, ɗora ta a tebur. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa cire ragar kana kaɗewa duk mako biyu, cikin kuma ka hure shi da abin hura iska bayan ka zare waya daga bango, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin: idan katin ya fara zama sama da digiri 85 a cikin gem, lokacin shara ya yi.