Amsa: Shuka Meconopsis, furen nan shuɗi na Himalaya

'Yar'uwa kin ce kina Edinburgh, kina so ki shuka shi a gindin bishiyoyin bayan gida. To wallahi kin yi sa'ar gari, don Scotland na cikin wuraren da ya fi yi, yana son sanyi da damshi, zafi kuwa kashe shi yake. Asalinsa duwatsun Himalaya ne, wani nau'insa ma shi ne furen ƙasar Bhutan.

Inuwa yake so amma ba duhu ba, irin wadda rana ke ɗan ratso ganye, kuma kar ki manna shi jikin kututture don saiwoyin bishiya za su shanye masa ruwa. Ki zuba ruɓaɓɓen ganye da yawa, ƙasa ta zama da laima kullum amma ba caɓi ba. Ƙasa mai farar ƙasa na sa shuɗin ya koma kamar shunayya.

Abin da ke da ciwo, shekarar farko in ya ɗauko fure ki tsinke tun bai buɗe ba, in ba haka ba sai ya yi furen ya mutu. Ni na ƙi ji, haka nawa ya tafi. Sai dodon koɗi, cikin dare ɗaya suke cinye tohon.