Tambayi Likita: Maganin Zafi Tun Kafin Tiyatar Zuciya

Tambaya: Likita, za a yi wa mahaifina tiyatar zuciya, an ce za a ba shi maganin zafi tun kafin a shiga da shi. Mene ne amfaninsa tun ba a yi yankan ba? Kuma zai iya ci gaba da shan diclofenac ɗinsa na ciwon gwiwa? — Wata mai karatu

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar uwa. A irin wannan aiki ana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji, in an gama a ɗaure shi da waya. Tun daga yankan farko jijiyoyi ke ta aika saƙon zafi zuwa laka, in abin ya yi yawa sai lakar ta tunzura, ƙaramin motsi ma ya koma azaba. Shi ya sa ake so magani ya riga wuƙa isa.

Yawanci paracetamol ake bayarwa, giram 1, a ci gaba da shi duk awa 6, kada a wuce giram 4 a yini. Mai ciwon hanta ko wanda bai kai kilo 50 ba, ana rage masa. Wasu likitocin kan ƙara pregabalin ko gabapentin, magungunan zafin jijiya, awa 1 zuwa 2 kafin aiki, sai dai ga tsoho da mai raunin ƙoda mukan yi taka-tsantsan, don suna kawo jiri da nauyin barci, in sun haɗu da morphine (maganin zafi mai ƙarfi da ake bayarwa a lokacin tiyata da bayanta) kuma numfashi na iya yin ƙasa. Akwai kuma allurar kashe zafi a jijiyoyin gefen ƙashin ƙirji, wadda ake yi bayan an sa shi barci.

Zafin ba zai ɓace gaba ɗaya ba, musamman kwana 2 zuwa 3 na farko da robobin fitar da jini ke ƙirji. Abin da ake nema shi ne a rage morphine, ya farka da wuri, ya iya jan dogon numfashi da tari. Wanda zafi ya hana tari, majina kan taru masa a huhu har ta kai ga nimoniya. In zai yi tarin, ya rungume matashi a ƙirji.

Diclofenac kuwa, da shi da ibuprofen, kada ya ƙara sha sai likitansa ya ce. Suna ƙara zubar jini, suna taɓa ƙoda, kuma an hana su a tiyatar sauya wa jijiyoyin jinin zuciya hanya. In yana shan tramadol ko codeine a kai a kai, ku faɗa wa likitan da zai sa shi barci ba ɓoye-ɓoye, domin jikin da ya saba da su ba ya jin adadin maganin zafin da ake ba kowa.