Jaket ɗin fatar soja daga gwanjo: ta yaƙin duniya ce ko ta jiya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na sayi wata jaket ta hwata wurin masu gwanjo nan tsohuwar kasuwa saboda ɗarin bana, mai kayan ya rantse min wai ta sojan saman Amurka ce tun yaƙin duniya na biyu, akwai ɗan ƙyalle ga wuya an rubuta A-2. Don Allah ta ƙaƙa zan gane in gaskiya shika hwaɗi? Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka bar rantsuwar mai kaya gefe tukun, shi ma dila ya kwance ya tarar da ita, kuma rubutun A-2 kaɗai ba hujja ba ne don kamfanoni na ta ɗinka irinta har gobe.

Ita A-2 sunan samfurin jaket ɗin ne, a 1931 sojan Amurka suka amince da ita ga matuƙan jirgi, aka daina oda wajen 1943, sai a 1988 aka dawo da ita, to ka ga ko ta soja ce da gaske tana iya zama ta baya-bayan nan. Fara da zif. Ta lokacin yaƙi za ka ga sunan kamfanin zif irin su Talon ko Crown ko Conmar a jikin ƙarfen, in kuwa YKK ka gani, to kamfanin Japan ne, kuma Amurka da Japan yaƙi suke a lokacin, sai dai in wani tela ya canja zif ɗin daga baya, wannan kuma sawun tsohon ɗinki zai nuna ma. Sannan kifa ta ka dubi baya, fata guda ce shimfiɗe babu ɗinki a tsakiya. Aljihu biyu ne a gaba masu marfi, babu na gefe da ake cusa hannu. Shafin ciki auduga ne ba mai santsin nan na roba ba, bakin hannu da ƙugu saƙar ulu, galibi asu ya ɗan taɓa su. Ƙyallen wuyan ma ya kamata ya zo da lambar zane 30-1415 da lambar kwangila da sunan kamfanin da ya ɗinka.

Maganar fata kuwa wallahi kai da ke Sakkwato ka fi na Turai sa'a, garin jar akuyar da duniya ta san fatarta! Yawancin na asali fatar doki ce ko ta akuya, kai ta wurin dattijon baduku ko majemi ya murza ya shinshina, nan take zai ce ma akuya ce ko saniya ko leda ce aka yi wa fenti.

In ta tabbata tsohuwa ce don Allah kar ka yi acaɓa da ita, kar ka bar ta a rana ko ka ƙulle ta cikin leda, zafinmu da iskar hunturu na tsattsaga fata. Rataye ta a inuwa, kuma kar a shafa mata man gyaɗa ko kiwin takalmi.